Farin Fiyano Na Marigayiya Marilyn Monroe

An haifi Norma Jeane Mortenson, wadda duniya ta sani da suna Marilyn Monroe, a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka ran 1 ga Yuni, 1926. Mahaifiyarta, Gladys, ma'aikaciya ce a wurin yanka faifan sinima, ba ta da halin riƙon 'ya, saboda haka a hannun waɗansu mutane yarinyar ta tashi.

A 1933 Gladys ta ci bashi ta sayi gida a Hollywood, ta ɗauko 'yarta. Cikin kayan da ta zuba a gidan akwai fiyano, wato akwatin kiɗan nan na Turawa, wanda aka ce dā na ɗan wasa Fredric March ne. Zaman bai daɗe ba. A farkon 1934 Gladys ta sami taɓin hankali aka kai ta asibiti, aka sayar da kayanta, fiyanon ya shiga hannun baƙi. Yarinya kuwa ta yi ta yawo gida-gida, har da gidan marayu, kafin a aurar da ita tana da shekara 16.

Da ta girma ta shiga sinima, sai ta bi sawun fiyanon har ta gano shi, ta saye shi. Sunanta ya cika duniya a 1953, ta yi aure ta fita, ta sauya gidaje, amma ba ta rabu da shi ba, don kuwa ɗan abin da ya rage mata ke nan na zamanta da uwa.

Ta rasu a Agusta 1962 tana da shekara 36. A wasiyyarta ta bar kayanta ga malaminta na wasan kwaikwayo, Lee Strasberg, da fatan ya raba wa aminanta. Ba a raba ba. Da ya rasu a 1982, kayan suka koma hannun matarsa Anna, wadda ya aura bayan mutuwar Marilyn. Gladys kuwa, mai fiyanon ta asali, tana nan da rai har 1984.

A Oktoba 1999 kamfanin Christie's ya yi gwanjon kayan a New York. Mawaƙiya Mariah Carey, wadda ba a ma haife ta ba lokacin da Marilyn ta rasu, ita ta sayi fiyanon a kan dala 662,500.