Al-Hawarizmi, malamin da ya sa wa lissafi sunan dukiya

Ƴan uwa masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, sau nawa yaro ya dawo daga lakkwal ya buɗe littafi, kika ga lamba da wata ƴar ƙaramar lamba ɗare bisa kanta, kika ce wannan sai masu boko? To yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya shimfiɗa hanyar wannan karatu, kuma ƴan kasuwa na cikin waɗanda ya rubuta dominsu.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa Al-Hawarizmi. An haife shi wajajen shekara ta 780, asalinsa daga yankin Hawarizm, inda garin Hiwa yake a ƙasar Uzbekistan ta yau. Ya yi aikinsa a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, a Baitul Hikma, gidan da ake tara littattafai ana juya su zuwa Larabci.

Wajajen 820 ya rubuta littafinsa na Aljabru wal Muƙabala. Daga kalmar aljabru ne aka samo sunan darasin aljebra da ke sa ɗiyanmu gumi a koleji da lise. Ya nufi littafin ga masu rabon gado da wasiyya, masu ciniki, masu shari'a, masu awon gona da haƙa magudanar ruwa. Kusan rabinsa ma kan gado da wasiyya yake.

Ga abin da ya fi burge mu. Lambar da ake nema ya kira ta jizri, wato saiwa. Idan aka ninka ta da kanta, abin da ya fito ya kira shi mali, wato dukiya. Sauran lambobi kuwa da dirhami yake ƙirga su. Harshen kasuwa ke nan tsantsa. Mai albasa da ta jera layi 12, kowane layi da albasa 12, tana da 144. A lissafinsa 144 ita ce dukiya, 12 ita ce saiwarta. Har yau saiwa ake cewa a Faransanci, racine.

Mu gwada misalinsa da ya fi shahara: dukiya ɗaya da saiwa 10 sun tashi dirhami 39, nawa ce saiwar? A raba 10 biyu, a samu 5. A ninka 5 da kanta, 25. A haɗa da 39, ya zama 64. Saiwar 64 ita ce 8. A cire 5 ɗin nan, saura 3. A duba: 3 sau 3 tara ne, 10 sau 3 talatin, jimla 39 cif. Duk da kalmomi ya rubuta wannan, babu alama ko guda, sannan ya zana murabba'i don mai shakka ya gani da idonsa. A ganinmu, da malaman lissafi za su fara da wannan zane kafin su cika allo da haruffa, da yara da yawa ba su tsani darasin ba.

Shi dai ya tsaya ga saiwa da dukiya. Al-Karaji, wajajen shekara ta 1000, ya ci gaba da ninkin zuwa hawa uku, huɗu, har abin da ya fi. A ƙarni na 12 Samau'al ya fito da ƙa'idar a fili: idan za a ninka hawa da hawa na lamba ɗaya, sai a tara hawan. Ɗari goma ce hawa 2, dubu goma ce hawa 3. Ɗari sau dubu goma ce hawa 5, wato 100.000. Duk wadda ta taɓa ƙirga takardun jaka guda ɗari ta yi wannan lissafi ba da alli ba. Ƴar lambar da ake ɗorawa sama kuwa, Bafaranshe Dekart ne ya yaɗa ta a 1637.

Al-Hawarizmi ya kuma rubuta littafi kan lambobin Indiya, tara da sifili, waɗanda muke rubuta bashi da su a yau. Ya yi na taurari, ya yi na taswirar duniya mai ɗauke da matsayin wurare fiye da 2000. Ya rasu wajajen 850.

A 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robat na Cesta, ya juya littafin aljabru zuwa Latin a ƙasar Sipaniya. Turawa suka kasa faɗin sunan malamin, suka mai da shi Algoritmi, daga nan aka samu kalmar algoritim, wato jerin matakan da kwamfuta da salula ke bi su yi aiki. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki da hotonsa don cikarsa shekara 1200 da haihuwa, kuma akwai wani rami a bayan wata da aka raɗa wa sunansa.