Malam Ibrahim Na Kano Da Jama'arsa Isawa

A nan Unguwar Rimi teloli ba sa barci, yara kuma sai ƙirga kwanaki suke yi, domin Kirsimeti ya matso. Lahadi huɗu kafin ranar 25 ga Disamba Kirista sukan shiga lokacin jira, watau suna tuna yadda mutanen dā suka yi ta sauraron zuwan Almasihu, suna kuma sa zuciya ga komowarsa. To, yau zan ba ku labarin wani Bahaushe wanda wannan jira ya ci ransa.

Malam Ibrahim malami ne a birnin Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. A lokacin babu mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa. Cikin karatun Alƙur'ani ne Malam ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu. Ya yi ta nazarinsu har ƙaunar Isa ta cika masa zuciya, ya shiga koya wa almajiransa su girmama shi, su zauna da shirin komowarsa. Daga nan aka sa musu suna Isawa.

Da jama'arsa ta yi yawa, sai hukuma ta ga abin ya saɓa wa koyarwar da aka sani. Aka kira shi, aka nemi ya janye maganarsa, ya ƙi. Wajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano. Masu riƙe da labarinsa sun ce kafin ya cika ya yi wa mabiyansa albishir cewa wata rana za a zo musu da cikakken bayanin abin da suke nema.

Almajiran suka watse, da yawa suka nufi wajen Ningi. Wani daga cikinsu, Malam Yahaya, ya ci gaba da koyarwa. Ki duba fa, uwargida, ba su da majami'a, ba su da littafin kansu, sai alkawari kurum, wanda manya suke faɗa wa yara a cikin gida. Haka aka yi shekara fiye da 40.

A 1913 waɗansu samarin Isawa suka iske Likita Mila, ɗan mishan da ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Suka ji karatun Linjila da Hausa, suka koma suka gaya wa danginsu. Waɗanda suka karɓa suka taru a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauyen Kirista. Amma jarrabawa ba ta ƙare ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya kashe mutane da yawa, har aka bar garin. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, nan zuriyarsu ta sami mazauni da makaranta. Daga wannan zuriya ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sauran Isawa kuwa suka tsaya a kan tafarkinsu na dā.

Malam Ibrahim bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Abin da ya bari magana ce, ita kuwa ta rayu ne domin iyaye ba su gaji da maimaita ta ba. Saboda haka uwargida, ko Kirsimeti kike shiri ko Salla kike jira, in kin gama da ɗinki da girki, ki zaunar da yaranki ki gaya musu dalilin bikin. Ku kuma 'yan makaranta, ku yi amfani da wannan hutu ku tambayi kakanninku tarihin gidanku tun suna da rai.

Allah ya kai mu lafiya, amin.