Samuel Alexander Kinnier Wilson

Samuel Alexander Kinnier Wilson (6 ga Disamba, 1878 – 12 ga Mayu, 1937) likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ɗan Birtaniya wanda aka haifa a Amurka. An fi saninsa da bayanin da ya yi a shekarar 1912 kan wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wadda ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa tare. A yau ana kiranta cutar Wilson. Kafin aikinsa, likitoci sun sha ganin masu wannan cuta, amma kowa ya ba ta suna dabam, kuma galibi ana ɗaukarta ciwon jijiyoyi ne kawai ko taɓin hankali. Wilson ne ya nuna cewa lalacewar hanta da ake gani bayan mutuwar marasa lafiyar ba haɗuwar tsautsayi ba ce, wani ɓangare ne na cutar kanta. A zamaninsa duk wanda ta kama sai ya mutu. Yanzu kuwa tana cikin 'yan cututtukan gado da ake iya sarrafa su da magani har tsawon rai, muddin an gano ta da wuri.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wilson a garin Cedarville da ke jihar New Jersey a Amurka. Mahaifinsa, James Kinnier Wilson, limamin cocin Firesbiteriya ne ɗan asalin ƙasar Ailan. Ya rasu sakamakon zazzaɓin cizon sauro lokacin da ɗan nasa bai wuce shekara ɗaya ba, daga nan mahaifiyarsa ta koma da iyalin birnin Edinburgh na Sikotland. A can ya tashi, ya yi karatu a makarantar George Watson's College, sannan ya shiga Jami'ar Edinburgh. Ya sami digirin farko a 1897, digirin likitanci a 1902, da kuma digirin kimiyya a fannin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki a 1903.

Ya fara aikin asibiti a Royal Infirmary ta Edinburgh a ƙarƙashin Byrom Bramwell, ɗaya daga cikin manyan likitocin Sikotland na lokacin, wanda ya sa masa sha'awar cututtukan jijiyoyi. A 1903 ya tafi birnin Faris inda ya koyi aiki a wajen Pierre Marie da Joseph Babinski, sannan ya wuce birnin Leipzig na Jamus wajen Paul Flechsig, masanin tsarin ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta ba shi ƙwarewa a harsunan Faransanci da Jamusanci, abin da ya taimaka masa daga baya wajen karanta rahotannin likitocin Turai da yawancin takwarorinsa na Ingila ba su duba ba. A 1907 ya fassara littafin Henry Meige da Eugène Feindel kan motsin jiki na ba da gangan ba daga Faransanci zuwa Turanci.

Aiki a Landan

A shekarar 1904 Wilson ya koma Landan ya kama aiki a Asibitin Ƙasa na cututtukan jijiyoyi da ke Queen Square. Ya fara a matsayin ƙaramin likita, ya zama magatakardan asibiti, kuma ya yi aikin binciken gawa da duba sassan jiki da madubin likita. A nan ya yi aiki tare da fitattun likitoci irin su John Hughlings Jackson, William Gowers da Victor Horsley. Haɗa aikin duba marasa lafiya da aikin binciken gawa shi ne ya ba shi damar ganin abin da ya ɓoye wa wasu: yana ganin mutum yana da rai, ya lura da alamominsa, sannan idan ya mutu ya duba cikinsa gaba ɗaya, ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

A 1912 aka naɗa shi likita a Asibitin Westminster. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Asibitin King's College, inda ya jagoranci sashen cututtukan jijiyoyi, ba tare da ya yanke alaƙa da Queen Square ba.

Gano cutar Wilson

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne kundin digirinsa na MD a Jami'ar Edinburgh, wanda ya samo masa lambar zinariya. An buga shi a mujallar Brain a 1912 da taken Progressive lenticular degeneration: a familial nervous disease associated with cirrhosis of the liver. Rubutun ya haura shafi 200.

A ciki ya tattara bayanan marasa lafiya 12. Huɗu shi da kansa ya duba su, kuma an yi binciken gawar uku daga cikinsu. Biyu ya samo su daga tsofaffin bayanan asibiti. Sauran shidan kuwa ya zaƙulo su daga rubuce-rubucen da suka gabata: na Gowers, wanda ya ɗauki cutar wani nau'in rawar jiki mai sandarar da gaɓoɓi, na J. A. Ormerod a Landan, da na E. A. Homén a ƙasar Finland, wanda ya ga cutar a wajen 'yan'uwa uku na gida ɗaya.

Wilson ya nuna cewa alamomin iri ɗaya ne a wajen dukkansu. Cutar na kama yara da matasa waɗanda a da lafiyarsu lau. Takan fara da karkarwar hannu, sai gaɓoɓi su riƙa sandarewa, magana ta daina fita sosai, haɗiyar abinci ta yi wuya, yawu ya riƙa dalala, baki ya tsaya a buɗe kamar mai murmushin da ba ya gushewa. Wasu halinsu kan canza, su riƙa dariya ko kuka ba dalili, shi ya sa ake kai su gidan masu taɓin hankali. A ƙarshe mutum ya rame, ya kasa tashi, ya mutu cikin watanni ko 'yan shekaru.

Da ya duba ƙwaƙwalwarsu sai ya tarar da wani curi da ke can tsakiyarta, wanda ake kira curin lentikula, ya yi laushi ya lalace a ɓangaren dama da na hagu, musamman sashensa mai suna futamen, har wani lokaci ya zama rami. Babbar hanyar jijiya da ke kai umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka, wadda ake kira hanyar firamida, tana nan lafiya. Wannan ya nuna cewa akwai wani tsari dabam da ke daidaita motsi da taurin tsoka. Wilson ya kira shi tsarin wajen firamida, kuma sunan ya zauna a ilimin likitanci har yau.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da ya gani a ciki. Duk gawar da aka bincika, hantarta ta tsuke, ta taurare, ta cika da tabo da ƙulli-ƙulli, wato yanayin da likitoci ke kira sirosis. Amma yawancin marasa lafiyar ba su nuna alamar ciwon hanta ba a lokacin da suke jinyar jijiyoyi, sai dai wasu sun taɓa yin shawara shekaru kafin nan ta wuce. Ba mashaya giya ba ne, kuma Wilson ya kawar da zaton cewa tunjere ne sanadi. Daga nan ya yanke cewa cuta ɗaya ce mai taɓa gaɓoɓi biyu, kuma ya yi hasashen cewa wata guba ce mai alaƙa da hanta ke zaɓar wannan sashe na ƙwaƙwalwa ta lalata shi.

Abin da bai gano ba

Wilson bai san ko wace guba ce ba. Ya kuma lura cewa cutar na kama 'yan'uwa na ciki ɗaya, amma da yake iyayensu lafiya suke, bai yarda cewa gadonta ake yi ba. Haka kuma bai ambaci wata alama da ke cikin ido ba, wadda likitocin ido biyu na Jamus, Bernhard Kayser a 1902 da Bruno Fleischer a 1903, suka riga suka bayyana: wani zobe mai launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore da ke kewaye gefen baƙin ido. A Jamus ana danganta wannan zobe da wata cuta da Carl Westphal ya bayyana a 1883, Adolf von Strümpell kuma ya ƙara bayani a kanta a 1898. Wilson ya ɗauki waccan cuta dabam da tasa.

A 1921 likita ɗan Denmak H. C. Hall ya nuna cewa cututtukan biyu abu ɗaya ne, kuma gadonta ake yi daga uwa da uba tare. Shi ne ya raɗa mata sunan kimiyya da ke nufin lalacewar hanta da curin lentikula. Rabin farko na sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin hanta, rabi na biyu kuma daga kalmar Latin ta wani ƙaramin wake mai faɗi, saboda siffar curin. An ruwaito cewa Wilson bai so wannan suna ba, ya fi son a kira ta cutar Kinnier Wilson.

Ci gaban da aka samu bayan rasuwarsa

Tun a 1913 A. Rumpel ya ba da rahoton yawan tagulla, wato jan ƙarfe, a hantar wani mai cutar, amma ba a mayar da hankali a kai ba. Sai a 1948 John Cumings, wanda shi ma a Queen Square yake aiki, ya tabbatar da cewa tagulla ce ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwar masu cutar. Gubar da Wilson ya yi hasashe ke nan.

Jikin mutum na buƙatar tagulla kaɗan, kusan miligiram 1 a rana, kuma yana samunta daga abinci. Hanta ce ke fitar da rarar ta cikin ruwan maɗaciya zuwa hanji. A wajen mai cutar Wilson wannan hanya ba ta aiki, sai tagulla ta riƙa taruwa a hanta tun yana ƙarami. Idan hanta ta cika sai ta kwarara cikin jini ta sauka a ƙwaƙwalwa, ido da ƙoda. Zoben Kayser da Fleischer tagulla ce da ta kwanta a ido.

A 1951 Derek Denny-Brown da Huntington Porter suka gwada maganin BAL, wanda aka ƙirƙira a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don kariya daga makami mai guba, suka ga yana rage alamomin, sai dai allura ce mai zafi. A 1952 Herbert Scheinberg da David Gitlin suka gano cewa furotin mai ɗaukar tagulla a jini, serulofilasmin, yana yin ƙasa a wajen masu cutar. A 1956 John Walshe ya fito da fenisilamin, ƙwayar da ake sha ta baki tana fitar da tagulla ta fitsari, daga baya kuma ya ƙara da tirayentin a 1969. An kuma gano cewa sinadarin zink na hana hanji tsotsar tagulla. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa cutar, ATP7B, a kan kuromosom na 13.

Yadda ake gano cutar a yau

An ƙiyasta cewa cutar na kama kusan mutum 1 cikin 30,000. Alamominta sukan bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35. Yara sun fi zuwa da matsalar hanta: shawara, kumburin ciki, kumburin saifa, ko gazawar hanta farat ɗaya. Matasa da manya kuwa sun fi zuwa da karkarwa, matsalar magana ko canjin hali. Wahalar da Wilson ya fuskanta tana nan har yau, domin mara lafiya kan je wajen likitan hanta, ko na jijiyoyi, ko na taɓin hankali, kowa ya ga ɓangarensa kawai.

Babu gwaji guda da ya isa shi kaɗai. Likitoci kan haɗa awon serulofilasmin a jini, awon tagulla a fitsarin da aka tara na awa 24, duba ido da fitila ta musamman, gwajin ƙwayar gado, wani lokaci kuma a ɗebi ɗan tsokar hanta a auna tagullar da ke ciki. Zoben ido na bayyana a kusan duk masu alamomin jijiyoyi, amma a kusan rabin masu matsalar hanta kawai, don haka rashin ganinsa ba ya kore cutar. A wani taron ƙwararru a Leipzig a 2001 aka tsara ma'aunin maki da ke haɗa waɗannan gwaje-gwaje.

Da yake sai mutum ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka kafin ya kamu, iyaye kan kasance lafiya lau, abin da ya ruɗi Wilson ke nan. Kowane ɗan'uwa na ciki ɗaya da mai cutar yana da yiwuwar kamuwa ta 1 cikin 4, shi ya sa ake gwada 'yan'uwa ko da ba su da alama. Cutar ta fi bayyana a inda auren zumunci ya yawaita. Wanda aka fara wa magani kafin gaɓoɓinsa su lalace zai iya rayuwa kamar kowa, amma dole ya ci gaba da shan magani har abada. Idan hanta ta gaza, dashen hanta ne mafita.

Sauran ayyukansa

Wilson bai tsaya kan cuta ɗaya ba. A 1914 ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi kan ƙwaƙwalwar birai don fahimtar aikin curin da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ya yi rubutu kan farfaɗiya, yawan barci na cuta, dariya da kuka na cuta, da matsalolin harshe. A 1920 ya kafa mujallar Journal of Neurology and Psychopathology ya zama editanta. A 1925 ya gabatar da laccocin Croonian kan matsalolin motsi da taurin tsoka. Littafinsa Aphasia, kan rasa iya magana ko fahimtarta bayan lalacewar ƙwaƙwalwa, ya fito a 1926, sai Modern Problems in Neurology a 1928. Yana kuma cikin likitocin Ingila na farko da suka ɗauki hotunan marasa lafiya masu motsi a fim don koyarwa.

Iyali da rasuwa

Wilson ya auri Annie Louisa Bruce, 'yar likitan jijiyoyi Alexander Bruce na Edinburgh. Ya rasu a Landan ranar 12 ga Mayu, 1937, sakamakon ciwon daji, yana da shekara 58. Ya bar babban littafinsa mai suna Neurology bai kammala ba. Surukinsa, A. Ninian Bruce, ya tace shi aka buga shi a juzu'i biyu a 1940. Wilson ya rasu shekara 11 kafin a tabbatar da cewa tagulla ce sanadin cutar da ke ɗauke da sunansa, kuma shekara 19 kafin a sami ƙwayar maganin farko da ta ceci masu ita.