Paul Ehrlich, likitan da ya rarrabe ƙwayoyin jini da rini

Ka taɓa yin gwajin jini a Babban Asibitin Wudil? To, akwai hannun Paul Ehrlich a sakamakonka. Likita ne Bajamushe, an haife shi a 1854. Tun yana ɗalibi ya shaƙu da rini, irin na tufafi. Da shi ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini, don kowane iri da launin da yake kamawa. Tarin fuka ya kai shi jinya Masar, ya dawo ya ɗora. Ya samu kyautar Nobel a 1908, ya mutu a 1915. Har yau, kafin na'ura ta ƙirga CD4 na mai ƙanjamau, sai an rina ƙwayoyin, su wuce ɗaya-ɗaya gaban haske, likita ya ga ƙarfin garkuwar jikinsa.