Waliyyi Toma More: Magidanci, Alƙali da Shahidi

Ranar 22 ga watan Yuni Ikkilisiya Katolika take tunawa da Waliyyi Toma More. Shi ba fada ba ne. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ma'aikacin hukuma kamar da yawa daga cikinmu, shi ya sa rayuwarsa take da abin koya mana game da tafiyar da gida, aiki da dukiya bisa hikimar Littafi Mai Tsarki.

An haife shi a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekara ta 1478. Mahaifinsa lauya ne, shi ma ya karanci shari'a. Yana saurayi ya yi kusan shekara 4 yana tarayya da sufaye 'yan Kartusiya cikin addu'a da azumi, yana neman sanin nufin Allah. Da ya gane kiransa na aure ne, sai ya auri Jane Colt a 1505, suka haifi mata uku da namiji ɗaya. Ta rasu a 1511, ya auri Alice, wata gwauruwa, ta riƙe masa yaran.

Littafin Mai-Wa'azi sura 3 ya koyar cewa kowane abu yana da lokacinsa. Toma ya raba ranarsa bisa wannan koyarwa. Yakan tashi tun kafin asuba domin addu'a da karatu, ya je Misa, sa'an nan ya fita aiki. Da dare yakan tara iyalinsa har da barori su yi addu'a tare. Ranar Juma'a kuwa yakan keɓe kansa yana tunani a kan shan wahalar Ubangijinmu. Ya koya wa 'ya'yansa mata Latinanci da Helenanci daidai da ɗansa namiji, a zamanin da ba a damu da ilimin mata ba, har babbarsu Margaret ta yi suna wajen ilimi.

A 1529 Sarki Henri na Takwas ya naɗa shi babban waziri, shugaban shari'ar ƙasa. Littafin Fitowa 23:8 ya yi gargaɗi cewa cin hanci yana makantar da mai gani. Toma ya kiyaye wannan: kyautar da masu ƙara suka kawo masa yakan mayar, kuma bai bar shari'u su taru a gabansa ba. Tarihi bai ɓoye cewa ya tsananta wa masu bin koyarwar Luta ba, har aka ƙone waɗansu a zamanin mulkinsa. Ikkilisiya a yau ba ta yarda da tilasta wa mutum a kan addini ba.

Gwaji ya zo sa'ad da sarki ya so rabuwa da matarsa Katarina ya auri Ana Bolin, ya kuma mai da kansa shugaban Ikkilisiya a Ingila. Lamirin Toma bai yarda ba. A 1532 ya ajiye muƙaminsa, ya tara iyalinsa ya bayyana musu cewa samunsu ya ragu, dole su rage cefane su zauna daidai ƙarfinsu. A 1534 ya ƙi yin rantsuwar da sarki ya umarta, aka kulle shi a Hasumiyar Landan kusan wata 15. Matarsa da 'yarsa Margaret sun roƙe shi ya rantse ya dawo gida. Yana ƙaunarsu ƙwarai, amma ya san tambayar Yesu cikin Markus 8:36 game da mutumin da ya sami duniya duka ya rasa ransa. An fille masa kai ranar 6 ga Yuli 1535, bayan ya yafe wa mai zartar da hukuncin.

Paparoma Piyus na 11 ya sa shi cikin waliyyai a 1935, Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma ya naɗa shi majiɓincin masu mulki da 'yan siyasa a shekara ta 2000.

'Yan'uwana cikin Kristi, Toma ya iya tsayawa a ranar gwaji domin ya saba da biyayya ga Allah cikin ƙananan al'amura na kowace rana. Bari kowannenmu ya duba lokacin addu'arsa, tarbiyyar 'ya'yansa, da hanyar da kuɗi yake shiga hannunsa. Waliyyi Toma More, ka yi addu'a dominmu. Amin.