Annabi Amos, Makiyayin Tekowa

Ya kai mai karatu, ko ka rigaya ka shiga tafarkin Almasihu, ko kana cikin bincike tukuna, ka kasa kunne ga labarin wani makiyayi wanda Allah ya aika wurin azzalumai.

Sunansa Amos, mutumin Tekowa, wani ƙaramin gari a ƙasar Yahuda, kudu da Baitalami. Shi ba ɗan annabi ba ne; sana'arsa kiwon tumaki da renon itatuwan ɓaure. Wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Uzziya sarkin Yahuda da Yerobowam na biyu sarkin Isra'ila, Ubangiji ya ɗauke shi daga bin garke, ya aike shi arewa, ƙasar Isra'ila.

Ya iske ƙasar cikin wadata, manya suna kishingiɗe bisa gadajen hauren giwa. Amma arzikin nan da hawayen talakawa aka tara shi. 'Yan hatsi sukan ƙosa ranar hutu ta wuce domin su buɗe rumfuna, su rage mudu, su ha'inci ma'auni, su sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama. Masu shari'a a ƙofar gari suna cin hanci. Akan sayar da matalauci bawa saboda bashin da bai fi kuɗin takalmi ba. Rigar jingina kuwa, wadda Attaura ta umurta a mayar wa mai ita kafin faɗuwar rana, bisa ita suke kwanciya kusa da bagadi.

Duk da haka wuraren sujadarsu cike suke da hadayu da waƙoƙi. Amos ya faɗa musu a fili, Allah ba ya karɓar idi ko waƙa daga hannun mai danne marar ƙarfi. Gaskiya da adalci yake biɗa. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, wai yana ƙulla makirci, ya kuma umurce shi ya koma Yahuda ya ci abincinsa can. Amos bai janye maganarsa ba. Amma ba mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba ne: da aka nuna masa wahayin fāri da na wuta, sau biyu ya roƙa wa jama'ar jinƙai, Ubangiji kuwa ya ji shi. Su dai ba su tuba ba. A shekara 722 kafin Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanenta.

To, ɗan'uwana, kada ka ce wannan labarin mutanen dā ne. Allahn da ya duba mudun Samariya, shi ne ke duban mudun kasuwar Sabon Gari, da awon yadi a Kantin Kwari cikin Fagge. In kai mai awo ne, kada ka bubbuga gindin mudu. In kai akawu ne, kada ka miƙa hannu kafin ka rubuta wa talaka takardarsa. In kana da ɗan dako ko bara, ka biya shi ladansa kafin ya kwana da yunwa. In an kira ka shaida, ka faɗi abin da idonka ya gani, ko da a kan babba ne. Ramin mugunta, an ce a gina shi gajere.

Littafin Amos sura 9 ne kaɗai. Ka karanta shi a makon nan, sa'an nan ka gwada mudunka tun ba ka shiga ɗakin sujada ran Lahadi ba.