Yan Fan Aik, Mai Zanen Miji da Mata

An haifi Yan Fan Aik wajen shekara ta 1390, a yankin kogin Moz na ƙasar Turai. A zamanin nan babu na'urar ɗaukar hoto. In sarki ko attajiri yana son a san kamanninsa, sai ya kira mai zane. Mai zane ya zauna, ya dube shi da kyau, ya zana shi bisa allon katako. Wannan ita ce sana'ar da Yan ya koya, shi da wansa Hubat.

A shekara ta 1422 Yan yana aiki a fadar wani sarki a birnin Lahe na ƙasar Holan. Da sarkin ya rasu a 1425, sai Filib Nagari, sarkin Burgundi, ya ɗauke shi. Filib ya amince da shi ƙwarai. A 1428 ya sa shi cikin ƴan aike zuwa Fotugal neman auren Izabela, ɗiyar sarkin ƙasar. Aikin Yan shi ne ya zana fuskar yarinyar a aika wa Filib, don gani ya kori ji. An ɗaura auren a 1430.

Hubat ya rasu a 1426, ya bar wani babban zane na majami'ar birnin Gan bai ƙare ba. Yan ya ƙarasa aikin wansa a 1432. Ya zauna a birnin Buruj, cikin ƙasar Beljik ta yanzu, tare da matarsa Margarit. Da suka sami haihuwa a 1434, sarki ya aiko da kofuna shida na azurfa. A 1435 kuma, da ma'aikatan baitulmali suka riƙe albashinsa, Filib ya rubuta musu takarda ya yi musu faɗa, ya sa suka biya shi.

Me ya sa sarki yake jin sa haka? Masu zane da yawa na lokacin suna dama launi da gwaiduwar ƙwai, wadda take bushewa nan da nan. Shi Yan da mai yake damawa. Ba shi ya fara haka ba, amma ya fi kowa gwaninta. Yakan shafa launi siriri, ya bari ya bushe, ya ƙara wani bisa, sau da yawa. Da haka haske yake ratsa launin, har tufa ta fito kamar a taɓa ta.

Zanensa da ya fi suna shi ne wanda ya yi a 1434. Allon ba babba ba ne: tsawonsa santimita 82, faɗinsa 60. A cikinsa wani mutum da wata mace suna tsaye cikin ɗaki. Mutumin Arnolfini ne, ɗan kasuwa daga birnin Luka na Italiya, wanda yake zaune a Buruj. Yana sanye da babbar baƙar hula da riga mai gashin dabba. Ya ɗaga hannun dama, ya tallafi hannun macen da na hagu. Ita kuwa tana da doguwar koriyar riga da farin kallabi. Wanda ya gan ta sai ya ce ciki gare ta, amma rigar ce ta tattaro ta riƙe a gaba, yadda matan attajirai suke yi a lokacin.

Masana sun duba kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Bakin taga akwai lemun zaƙi. Lemu ba ya yi a wannan ƙasa mai sanyi, daga nesa ake kawo shi, saboda haka yana nuna wadatar mai gida. Gabansu ɗan kare yana tsaye, kare kuwa ba ya barin ubangijinsa, shi ya sa aka ɗauke shi alamar riƙon amana. An tuɓe takalma an ajiye, na katako a gefe, jajaye a can ciki. An rataya tasbaha da ƴar tsintsiya, wato ibada da aikin gida. Sama da kansu akwai abin ɗora kyandir na tagulla, amma kyandir guda ne kawai yake ci, ga shi kuwa rana ce.

Tsakiyar bango akwai madubi mai tudu kamar bayan ƙwarya. A cikinsa ana ganin ɗakin duka, da bayan miji da mata, da waɗansu mutane biyu a bakin ƙofa. Bisa madubin Yan ya rubuta sunansa da shekarar, ya kuma rubuta cewa yana wurin.

A 1934 wani masani Bajamushe, Panofski, ya ce wannan zane ɗaurin aure ne. A ganinsa hannun da aka ɗaga rantsuwa ce, mutane biyun nan shaidu ne, rubutun Yan kuma sa hannun shaida ne. Kyandir mai ci yana nuna Allah yana gani, takalman da aka tuɓe suna nuna wurin yana da tsarki. Shekaru da yawa mutane sun yarda da wannan bayani.

Amma a shekarun 1990 aka gano wata tsohuwar takarda. Ta nuna Arnolfinin da ake zato bai yi aure ba sai a 1447, shekara shida bayan rasuwar mai zane. Sai hankali ya koma ga wani ɗan'uwansa, shi ma Arnolfini, shi ma ɗan kasuwa a Buruj. Wannan ya auri wata yarinya mai suna Kostanza a 1426. Wasiƙar da uwarta ta rubuta a 1433 ta nuna Kostanza ta riga ta rasu, shekara guda kafin a yi zanen.

Daga nan wata masaniya, Margarit Kosta, ta kawo wani bayani a 2003. Ta ce a sake duba kyandir. Wanda yake ci yana wajen mijin. Wajen matar kuwa ɗan guntu ne wanda ya ƙone ya mutu. Kewaye da madubin akwai ƙananan hotuna goma na wahalar Annabi Isa, yadda Kirista suke ba da labarinta. Waɗanda suke wajen mijin na lokacin rai ne, na wajen matar na bayan mutuwa. In haka ne, ba biki ake yi a ɗakin nan ba. Miji ne ya rasa matarsa, ya roƙi mai zane ya tsayar da ita kusa da shi, hannunta cikin nasa. Waɗansu masana sun karɓi wannan magana, waɗansu suna cewa mata ta biyu ce. Abin da duka suka yarda da shi, shi ne Yan bai sa kome cikin ɗakin nan da garaje ba.

Yan Fan Aik ya rasu a Buruj ran 9 ga watan Yuli, 1441. Zanensa wajen ashirin suka rage a duniya. Na miji da matan ya daɗe a fadar sarakunan Sifen, daga baya ya isa Ingila. A 1842 babban gidan ajiyar zane na birnin Landan ya saye shi. Yana can har yau, mutane suna zuwa suna tsayawa gabansa, suna neman ɗan kyandir ɗin nan da ya mutu.

Tambayoyi

1. Don me Filib ya aiki Yan zuwa Fotugal?
2. Da me Yan yake dama launinsa?
3. Faɗi abubuwa huɗu na cikin ɗakin, da abin da kowane yake nunawa.
4. Wace takarda ce ta sa masana suka sake tunani?
5. A ganinka, aure ake ɗaurawa ko tunawa ake yi? Kawo dalili.